Ɗa'ar bincike da buɗaɗɗen ilimi a karatun doktora: tsokaci daga Magariya da Dungas

Tsakure

Wannan maƙala tsokaci ce a kan darasin ɗa'ar bincike da buɗaɗɗen ilimi kamar yadda ake koyar da shi ga ɗaliban doktora. Mun auna darasin da abin da ɗalibai ke tararwa a gundumomin Magariya da Dungas na jahar Damagaram. Mun tsaya a kan abu uku: takardar neman yarda, ɓoye sunan mai ba da bayani, da sakin muryoyin mutane a intanet.

1. Gabatarwa

A shekarun baya ɗalibin da zai tafi bincike ƙauye ba ya samun wani horo dangane da haƙƙin mutanen da zai yi wa tambaya. Malaminsa kan ba shi rikoda da takardar izini, ya ce masa ya fara gai da mai gari. Mu kanmu haka aka tura mu. Yau abin ya sake. Akwai sa'o'i da aka keɓe don ɗa'ar bincike, akwai takardun da ake cikewa, ana kuma nuna wa ɗalibi cewa ya kamata ya ajiye abin da ya tattara a inda kowa zai iya kaiwa gare shi. Wannan ci gaba ne, ba mu kuma rubuta wannan maƙala don mu rage masa daraja ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ɗalibanmu na dawowa daga ƙauyuka da takardu cikakku, sa hannu da dangwale duka a wurinsu, amma idan muka saurari muryoyin da suka ɗauko sai mu ji cewa abin da ke cikin takarda daban, abin da aka faɗa daban. A matsayinmu na masu nazarin harshe, wannan tazara ita ce ta dame mu. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa darasin yana koyar da cika takarda fiye da yadda yake koyar da sauraro, kuma gyaran wannan aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin harsuna tun kafin sauran sassa.

2. Inda darasin ya fito

Duk wanda ya duba abin da ake karantarwa zai ga jeri guda: ƙa'idojin Nuremberg na 1947, sanarwar Helsinki ta 1964, rahoton Belmont na 1979. Dukkansu daga fannin likita suka fito, bayan ta'asar da aka yi wa mutane da sunan gwaji. A ɓangaren buɗaɗɗen ilimi kuma ana farawa da kiran Budapest na 2002, a bi da ƙa'idojin FAIR na 2016, a rufe da shawarar da ƙasashen UNESCO suka amince da ita a watan Nuwamba na 2021. Tsarin darasin kansa ya yi kama da na Faransa, inda dokar 25 ga Mayu 2016 ta wajabta wa makarantun doktora su horar da kowane ɗalibi a kan ɗa'a da gaskiyar bincike, daga baya a 2022 aka ƙara rantsuwar da sabon dokta ke yi ranar kare kundinsa. Da yake yawancinmu can muka yi karatu, kuma hukumar CAMES da aka kafa a Yamai a 1968 ta haɗa jami'o'inmu a kan ma'auni guda, ba abin mamaki ba ne mu kwaso darasin yadda yake.

Ba mu ga laifin aro ba. Abin da muka lura shi ne misalan da ake bayarwa duk na nesa ne, alhali akwai na kusa wanda ya fi kowane dacewa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi musu bayani da Hausa, sun kuma yarda da baki. An yi shekaru ana shari'a kafin a daidaita da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75 na Amurka. Ga mai nazarin harshe, tushen rigimar tambaya ce guda: me aka faɗa da Hausa a bakin gadon nan, da waɗanne kalmomi, kuma me uwar yaron ta fahimta? Ba a ajiye wannan magana ba, saboda haka ba mai iya komawa gare ta. Daga Kano zuwa Magariya tafiyar rabin yini ce, harshen kuma ɗaya ne. Amma ɗalibinmu ya fi sanin abin da ya faru a Tuskegee ta Amurka.

3. Filin binciken

Magariya da Dungas suna kudancin jahar Damagaram, a bakin iyakar Nijeriya. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da ƙananan hukumomin Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Yanki ne mai cunkoson jama'a, na manoman gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi, kuma naira na yawo a kasuwanninsa kamar yadda sefa ke yi. Abubuwa uku na wannan yanki sun shafi maganarmu.

Na farko, mutanen wurin sun saba da baƙo mai takarda. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitocin MSF take aiki a asibitin yara na Magariya, ga kuma ƙungiyoyin agaji da ke zuwa ƙidayar gidaje kafin rabon abinci ko kuɗi. Don haka duk wanda ya sauka da littafi da alƙalami yana rubuta sunaye, ana ɗaukarsa a matsayin mai rajistar taimako. Ɗalibi zai ce shi daga jami'a yake, a amsa masa da ladabi, amma kowa na fatan sunansa ya shiga. Wanda ke tsoron kada a tsallake gidansa ranar rabo ba zai ce a'a ba.

Na biyu, an daɗe ana ɗibar ilimi a wannan yanki. Binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka fitar a 2006 a kan yadda manoman Magariya, Matamai da Mirya suka raya gawo da sauran itatuwa a gonakinsu ya zagaya duniya, ana kafa hujja da shi a manyan tarurruka. Dabarar ta manoman ce. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya riƙa yi wa kansa ita ce nawa daga cikin irin waɗannan rubuce-rubuce suka taɓa komawa ƙauyen da harshen da ake ji.

Na uku, akwai maganganun da ke da haɗari. Dungas da Waca da Mirya tsofaffin ƙasashen Sosebaki ne da Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19, kuma tarihin sarauta a nan bai mutu ba, da shi ake neman gadon sarauta da gonaki. Maganar asalin bauta, ko da yake dokar ƙasa ta 2003 ta sa bautarwa cikin manyan laifuka, har yanzu tana iya ɓata aure. Fataucin mai da hatsi ta bayan iyaka kuwa, wanda duk mai binciken kasuwa zai ji labarinsa, yana iya kai mutum gaban hukuma.

4. Takardar neman yarda a matsayin matani

Takardar da ake ba ɗalibai da Faransanci take, cibiyarta kuma kalmomi biyu ne, «consentement éclairé». Ɗalibi ne ke fassara ta nan take, a tsaye, gaban mutane. Ba mu taɓa ganin an zauna a aji an tattauna wannan fassara ba, kamar dai abu ne da kowane Bahaushe zai iya. Alhali Hausa ta rarrabe abin da kalmar Faransanci ta dunƙule:

(1) Na yarda.
(2) Na amince.
(3) Na ba ka izini.
(4) Na ƙyale ka.
(5) Na haƙura.

A (1) mutum ya karɓi maganar. A (2) ya ƙara da cewa ya ba ka amana, wato ya ɗora maka nauyi. A (3) yana magana ne a matsayin mai iko da abin. A (4) bai hana ba, bai kuma sa kansa ciki ba. A (5) ya bari ne a kan dole. Takarda gurbi ɗaya gare ta ga dukkan biyar. Daɗin daɗawa, a cikin muryoyin da muka saurara ba safai ake jin ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da aka fi ji shi ne:

(6) To.
(7) Ba komai.
(8) Duk yadda kuka gani.
(9) Sai mai gida ya dawo.
(10) Allah ya kai mu.

Gajeren «to» na iya zama amsa, yana kuma iya nufin «na ji» kawai. Wanda aka ja, aka bi shi da shiru, shakka yake nunawa. Misali na (7) sau da yawa ladabi ne ga baƙo. Na (8) miƙa wuya ne ga wanda ake ganin ya fi ƙarfi. Na (9) da na (10), idan ba a sa rana ba, kowane yaro a Guci ya san ƙi ne cikin mutunci. Ɗalibin kansa ya san haka a gidansu. Abin mamaki, da ya riƙe takarda sai ya manta, ya rubuta «oui». Darasin ya koya masa cewa hujjar yarda ita ce sa hannu, shi kuwa yana bukatar hujja don kundinsa.

Kunya ma tana da nata aiki. Matar da ɗan birni mai karatu ya zo gidanta bisa umurnin mai gari ba ta da hanyar cewa a'a kai tsaye ba tare da ta kunyata mai garin da mijinta da baƙon ba. Darasin yana cewa yarda ta mutum ɗaya ce, ba mai bayar da ita a madadin wani. Wasu kuma, don su nuna sun san al'ada, suna cewa a nan izinin mai gari ya wadatar. A ganinmu duka biyun sun gaza. Izinin mai gari ƙofar gari yake buɗewa, na mai gida ƙofar gida, amma maganar ta mai ita ce. Dole a bi ƙofofin, sannan a samar wa mutum hanyar zamewa da ba za ta jawo masa gori ba, alal misali a ce masa za a dawo gobe, in yana da aiki ba laifi. Wanda ba ya so, gobe ba za a same shi ba.

Sai batun dangwale. A wurin mutanen karkara sa yatsa a takarda abu ne na kotu, na bashi, na sayar da gona. Da yawa daga cikinsu sun yi makarantar allo, suna karanta ajami, amma ba mu taɓa ganin takardar yarda da ajami ba. Hanyar da suka sani ta ƙulla magana ita ce faɗa a gaban shaidu. Da haka ake ɗaura aure, da haka ake ba da jinginar gona. Yardar da aka ɗauka a rikoda, da Hausa, gaban shaida, inda mai magana ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta za a yi da muryarsa, ta fi dangwale ƙarfi ta kowace fuska, domin ana iya komawa a saurara. Abin da aka rasa a Kano a 1996 ke nan.

Kalma ta ƙarshe da za mu duba ita ce «données». Asalinta a Faransanci «abin da aka bayar». Hausa ta fi faɗin gaskiya, domin mu «ɗaukar magana» muke cewa. Kuma mutumin Dungas ba ya ganin abin da ya faɗa a matsayin abu iri ɗaya. Tatsuniya ta kowa ce. Waƙa tana da mai ita. Tarihin gari yana da waɗanda aka san su da riƙonsa. Sanin magani gado ne ko saye, ba a faɗarsa a taro. Hira kuwa ta waɗanda suka zauna ce. Kowane nau'i da dokar yawonsa. Takarda ɗaya da lasisi ɗaya ba za su iya ɗaukar waɗannan duka ba.

5. Suna: a ɓoye ko a ambata

Darasin yana koyar da cewa kariyar mai ba da bayani ita ce a cire sunansa a sa harafi da lamba. Wannan ya dace da binciken cuta. A fanninmu yana da matsala biyu.

Ta farko, murya ba ta ɓoyuwa. Mai nazarin karin harshe dole ya faɗi ƙauye, jinsi, shekaru da sana'a, in ba haka ba misalinsa ba shi da amfani. A ƙauye mai gida sittin, «mace, shekara hamsin, mai kitso» suna ne cikakke. Alkawarin ɓoyewa da ɗalibi ke yi alkawari ne da ba zai iya cikawa ba.

Ta biyu, ba kowa ke son a ɓoye shi ba. Wani ɗalibinmu ya kwana uku yana ɗaukar tarihin wani gari a ƙasar Waca daga bakin wani dattijo. Da ya gaya masa, don ya kwantar masa da hankali, cewa ba za a sa sunansa ba, sai dattijon ya tambaye shi ko ƙarya yake zaton ya faɗa. A wurinsa maganar da ba ta da mai ita jita-jita ce. Shi kansa bai faɗi komai ba sai da ya ce daga wane ya ji, wane kuma daga wane. Wannan al'ada tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Idan muna neman tushen da za mu dasa yaƙi da satar fasaha a zukatan ɗalibai, ga shi a gida, ya kuma fi barazanar na'urar kama kwafi shiga rai.

Tarihin fanninmu ma yana da abin koyarwa, kuma daga maƙwabtan Magariya ya fara. Dorugu an haife shi wajen 1840 a Dambanas kusa da Kance. An kama shi bawa yana yaro, Adolf Overweg ya ƴanta shi a Barno, ya bi Heinrich Barth har Tambutu, ya isa Turai tare da shi a 1855. A Ingila ya zauna wurin J. F. Schön, kuma babban kaso na Hausar da ke cikin nahawun Schön na 1862, ƙamusunsa na 1876 da Magana Hausa na 1885 daga bakin wannan yaro ta fito. Schön bai ɓoye sunansa ba, labarin rayuwarsa ma yana cikin littafin. Amma lambar yabo ta Volney a 1877 da digirin girmamawa na Oxford Schön aka ba. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin a matsayin tarihin rayuwa da Dorugu ya bayar da kansa. Ya rasu a Kano a 1912. Muna ganin da wannan labari ya kamata a buɗe darasin, a tambayi ɗalibai: yaro ƴantacce, a ƙasar da ba shi da kowa, yana da ikon ƙin zama a yi masa tambaya? Wane ne marubucin Magana Hausa? Haka kuma ƙamusun da aka buga a 1949 da sunan R. C. Abraham da Malam Mai Kano, yau «Abraham» kawai muke kiransa, mu da muke koyar da ɗa'a.

Saboda haka zaɓi ya kamata a ba mutum: a ambace shi da cikakken suna, ko da laƙabi, ko a ɓoye shi iyakar iyawa bayan an gaya masa gaskiyar iyakar. Wanda kuma aikinsa ya wuce amsa tambaya, ya rubuta, ya fassara, ya gyara, sunansa ya hau bangon aikin.

6. Buɗaɗɗen ilimi: an buɗe wa wa?

Mu ne farkon masu amfana da buɗe ilimi. Duk wanda ya yi karatu a lokacin da ake jiran wani ya dawo daga Paris da kwafin maƙala ya san darajar abin da taskar HAL ko rahotannin LASDEL, cibiyar da aka kafa a Yamai a 2001, ke bayarwa kyauta. Kundin da aka kare a Yamai ko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram bai kamata ya ruɓe a kabad ba. A kan buɗe rubutaccen sakamako ba mu da ja.

Jayayyarmu a kan ɗanyen abin da aka ɗauko take, wato murya da hoto. A nan za mu faɗi kuskuren da mu kanmu muka yi. Wata ɗaliba da muke duba aikinta ta ɗauki waƙoƙin daka a wani ƙauye na gundumar Dungas. Matan sun yarda, sun ji cewa don makaranta ne. Mu ne muka ba ta shawara ta mayar musu da kwafi, domin haka darasin ya ce a yi. Ta ba da shi a katin waya ga wani saurayi ya kai. Kafin ya kai, an saurare shi a teburin mai shayi. Waƙar daka kuwa, kamar yadda kowa ya sani, gidan habaici ce, kuma ɗaya daga cikin matan ta yi wa uwar mijinta. A tsakar gida, cikin ƙarar taɓarya, habaicin yana da rigar kariya, kowa na iya yin kamar bai ji ba. A cikin waya, ana maimaitawa gaban maza, ya zama zagi. Matar ta yi wata biyu a gidan iyayenta kafin a sasanta. Takardunmu duka a cike suke, ba mu karya ko ƙa'ida ɗaya ta darasin ba.

Idan katin waya ɗaya ya yi wannan, sai a auna taskar da duniya duka ke shiga. Magana zarar bunu ce. Takardar tana cewa mutum na iya janye yardarsa duk lokacin da ya so, amma abin da aka sauke a kwamfutoci ɗari ba ya janyuwa. Ƙari a kan haka, murya ta zama haja. Kamfanonin da ke gina na'urori masu ji da magana suna neman muryoyin Hausa. Shirin Common Voice na Mozilla ya tattara muryoyin Hausa ƙarƙashin lasisin CC0, wanda ke sakin abu ga kowa ba sharaɗi, amma waɗanda suka ba da muryarsu can sun san abin da suke yi, jimloli ne kuma da aka shirya suke karantawa. Tsohuwar da ta ba da labarin aurenta «don makaranta» ba ta yarda da wannan ba, ɗalibin da ya tambaye ta ma bai san da shi ba.

Shawarar UNESCO ta 2021 kanta ta yarda cewa akwai abin da dole a taƙaita, ta ambaci sirrin mutane da ilimin al'ummomin gargajiya, ta kuma yi kira a yi ilimi da harsuna da yawa. Ƙa'idojin CARE na 2019 an yi su ne don cike giɓin FAIR: amfanin al'umma, ikonta a kan abinta, nauyin mai bincike, da ɗa'a. Al'ummar San ta Afirka ta Kudu ta fitar da nata kundin ƙa'idojin bincike a 2017. Taskokin harsuna irin su ELAR sun daɗe da matakan shiga, wani abu na kowa, wani sai da izini. Nijar ma ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, ta kafa hukuma dominta. Duk waɗannan suna nan. Darasinmu ne ke ba FAIR awa biyu, ya ambaci sauran a minti biyar.

Akwai kuma rufin da ba a magana a kansa, wato harshe. Kundin da aka sa a intanet da Faransanci a buɗe yake ga mai karatu a Liyon, a rufe ga manomin Yekuwa da aka rubuta shi a kansa. Tun 1999 ƙasar nan take da tsayayyar ƙa'idar rubutun Hausa, kuma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa. Ba mu da sauran uzuri.

7. Shawarwari

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari shida.

a) A fassara takardar yarda a aji, kalma bayan kalma, a yi gardama a kanta, a fitar da ita da boko da ajami.

b) A karɓi yardar baka da aka ɗauka a rikoda gaban shaida, tare da maimaicin mai magana, a matsayin hujja cikakkiya.

c) A raba yarda kashi-kashi: ɗauka, rubutawa a kundi, saurare a aji, sakawa a intanet, amfani don gina na'ura. A nemi ta intanet bayan mutum ya saurari abin da ya faɗa.

d) A bar wa mai magana zaɓin suna.

e) Kowane kundi ya zo da taƙaitawa ta shafi biyar zuwa goma da harshen waɗanda aka bincika, a karanta ta a ƙauyen ko a rediyon karkara. Murya kuwa hannu da hannu za a mayar wa mai ita.

f) A ajiye asalin muryoyi a taskar gida mai matakan shiga. Cibiyar IRSH da CELHTO a Yamai sun fi shekara hamsin suna adana maganar baka, da su ya kamata a fara shawara.

Za a ce wannan zai tsawaita aikin ɗalibin da ba shi da kuɗin mota zuwa Malawa sau biyu. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan hujja ba. Amsarmu ita ce a rage yawan mutanen da ake bukata ya tambaya, a sa kuɗin komawa cikin kasafin bincike tun farko. Mutum goma da aka yi wa adalci sun ishi kundin nazarin harshe.

8. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa darasin ɗa'ar bincike da buɗaɗɗen ilimi, yadda yake a yanzu, yana kare jami'a da ɗalibi fiye da yadda yake kare mutumin da aka ɗauki maganarsa. Dalili shi ne an ɗauki yarda a matsayin sa hannu, alhali aikin magana ce da ake yi cikin wani harshe, tsakanin mutanen da ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ba mu taɓo binciken da ake yi da Fulatanci ko Barbarci a wannan yanki ba, inda tafinta ke shiga tsakani, matsalar kuma ta ninku. Muna fatan abokan aikinmu masu nazarin waɗannan harsuna, da na sassan tarihi da nazarin zamantakewa, za su kawo nasu misalan a fitowa ta gaba, don mu haɗu mu tsara darasin da za mu iya karanta wa mutanen Magariya da Dungas su ji, su ce sun amince.